Katin Kawu

Agogo ake ce mata, kuma da farko ba yabo ba ne. Shekara tara ta yi tana gugar rigunan 'yan wasa a wurin ɗaukar fim, ga dutsen guga a hannu, ga baki kamar reza. Darakta zai ce a fara ƙarfe takwas, sha ɗaya ta yi ana jiran jaruma, ita kuwa tana bayan labule tana ƙirga wa jama'a awannin da suka salwanta. Da furodusa ya gaji da mitarta, sai ya tura ta kwas na wata uku ta koyo kasafi da tsara ranakun aiki. "Je ki," in ji shi, "tunda kin fi kowa jin ciwon lokaci."

A wani ɗaki mai fanka ɗaya aka yi kwas ɗin. Malamin ya koya musu cewa ba a ɗaukar fim yadda labari ya jeru. Kowace fitowa a rubuta ta a kati a kafe a allo, a tara katunan gida ɗaya wuri ɗaya, ko da wannan na farkon labari ne wancan na ƙarshe, domin duk tashin da motoci suka yi zuwa wani wuri, rabin yini ya tafi. Wannan ya zauna mata daram. Ranar rufe kwas, yana tattara takardunsa, ya ƙara da cewa: "Abu uku kada ku kai su ƙarshen allo. Mai ciki, da tsoho, da aikin da sai da hasken rana. Ba sa jiran kowa." 'Yan aji suka yi dariya. Ita ma ta yi, ta rubuta a gefen littafi, inda ake jefa abin da ba zai fito a jarrabawa ba.

Fim sha ɗaya ta tsara bayan nan, babu wanda ya ƙetare ranarsa. Dole kai ya yi girma, kuma ya yi. Har ta kai in tana tsaye gaban allonta, furodusa ma sai ya yi gyaran murya kafin ya matso.

Fim na sha biyun ne da Kawu a ciki. Yayan mahaifiyarta ne, shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara shida, shi ya kawo ta harkar. Shekara talatin yana fitowa a uba, har ana kiransa Baban Kowa, amma aikinsa bai wuce ya zauna ya ce "Allah ya yi muku albarka" kyamara ta wuce ba. Wannan karon marubuci ya ba shi shafi huɗu cur: uba a tsakar gida yana neman gafarar 'yarsa. Kawu ya haddace su tun ba a sa rana ba. Yana bita a banɗaki, yana bita a bakin ƙofa, har maƙwabta suka iya.

Kwana sha huɗu ta tsara. Fitowar uban a gadon asibiti, kwance ba magana, ta sa ta ranar farko, don ranar kaɗai aka ba da aron ɗakin. Shafi huɗun kuwa suka faɗa rana ta sha uku, tare da sauran katunan babban gidan da aka ara. Mai gidan ya ce in ana so a leƙo da wuri a yi yini guda, ba laifi, amma hakan tashin motoci biyu ne, sha huɗu ta koma sha biyar.

Kawu ya tsaya gaban allo ya daɗe yana neman katinsa.

"'Yar nan, kin kwantar da ni tun ranar farko, sannan ki ce in tashi in yi magana ran sha uku? Jawo mini shi gaba mana."

"Kawu, in na taɓa kati ɗaya, goma za su motsa."

"To su motsa, ai ba gini ba ne."

"Kwana sha biyu ne fa kacal."

"A wurinki ne kacal," ya ce, ya yi dariya, ya nemi benci ya zauna.

Rana ta shida mai sutura ta ja Agogo gefe. Ta ce ta rage wa rigar Kawu yatsa biyu a kafaɗa, har yanzu tana yawo a jikinsa. Rana ta takwas mai kyamara ya jera mata hotuna biyu, na farko da na yau. "Agogo, wanda muka kwantar a gadon asibiti ya fi wannan lafiya." Rana ta tara kofin shayi ya suɓuce daga hannun Kawu na dama, ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani.

Agogo ta tsorata sosai. Ta ce su tafi asibiti yanzu.

"Babu likitan da zai gan ni sai na sauke shafi huɗun nan," in ji shi. "In suka riƙe ni, darakta zai ba wani. Ki kawo ranar, in gama, sannan ki kai ni duk inda kike so."

Magana ta dawo hannunta kenan, kuma ta sani. Amma mai son ruɗin kansa ba ya rasa hujja. Ta ce zafi ne, ta ce gajiya ce, ta ce saura kwana huɗu. Ta tsaya gaban allo har ta ɗora yatsa kan katin, sai ta ga yadda layukan suka jeru tsaf, ta janye hannu.

Sai safiyar rana ta sha ɗaya ta cire katin. Ta kira mai babban gidan, ya ce gobe ta yi. Ta fita da sauri da katin a hannu, tana jin daɗin albishir ɗin da za ta yi. Ta sami Kawu a kan benci a inuwar motar janareta, takardun a cinya, bakinsa ya karkace gefe guda, yana ta ƙoƙarin kiranta.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tambayi yaushe hannun ya fara, ta ce shekaranjiya. Ya dube ta, ya ci gaba da rubutu.

Darakta bai kwana biyu yana jimami ba. Ya soke shafi huɗun, ya mai da labarin 'ya ta iso ta tarar uba ba ya magana. Hoton ranar farko ya wadatar. "Allah ya yi miki albarka, Agogo," ya ce a gaban kowa. "Da ba ki fara da asibitin nan ba, da mun shiga uku." Aka gama rana ta sha huɗu, ƙarfe biyar daidai, har da tafi.

Kawu yana gida yanzu, a ɗakin da ya raine ta. Rigar fim tana rataye a ƙusa kusa da gado, ya hana a taɓa. Mai sutura ta aiko sau biyu a dawo da ita. Kullum da safe leɓensa yana motsi ta gefen hagu, babu sauti, amma Agogo ta san kowace kalma, ta san inda zai tsaya ya ja numfashi. Numfashin kuwa kullum gajarta yake yi. In ya kai ƙarshe sai ya ɗaga hannun hagu, ya nuna rigar, ya kafe ta da ido.

Ita da ba ta taɓa ba wa kowa ranar ƙarya ba, sai ta gyara masa matashi.

"Gobe ne, Kawu."

Yau kwana ashirin da uku tana faɗa masa haka.