Gwaggo Maimaita Ta Zama Akawun Asibiti

Duk wanda ya taɓa zama gaban Gwaggo Rakiya ya san ƙafarta ta dama. Kana cikin ba ta labari, ka ɗauko shi da daɗi, sai ka ji tim! ta taka ƙasa. Wato ka tsaya. Sai ta karkato kai ta ce, "Maimaita." In ka haɗiye wata kalma, ta sake takawa. Wallahi har mai tumatir na bakin layinmu a unguwar Faisal ta Alƙahira, Bamisiren da ko "sannu" bai iya ba, in ya hango ta sai ya ɗaga murya, "Ahlan ya Hajja Maimaita!"

Ni 'yar ƙanenta ce. Da na zo Alƙahira karatu a hannunta mahaifina ya damƙa ni, na shekara shida a ɗakinta kafin na yi aure. Don haka ku da kuka taru yau kuna ta cewa "Allah ya ji ƙan Gwaggo, mace mai haƙuri," ku ji tsoron Allah. Haƙuri? Gwaggo? Wace ce a cikinku ba ta taɓa kora daga bakin ƙofa ba don ta zo lokacin aiki?

Asalin ƙafar nan, aikinta ne. Mijinta ya kawo ta daga Gusau sa'ad da yake karatu, ya rasu ya bar ta a nan, ba ɗa ba jika. Da ma ta yi makarantar koyon sakatariya, Turancinta kuma tsaf. Sai ta samu aiki da wani kamfani. Likitocin asibitocin kuɗi su duba mara lafiya, su naɗi bayaninsu da baki, a turo mata muryar, ita kuma ta toshe kunnuwa da iyafis ta buga rahoton a kwamfuta. Akwai wata feda ƙarƙashin teburinta, irin ta keken ɗinki. In ta taka, likita ya yi shiru. Ta sake takawa, ya koma baya ya maimaita. Shekara goma sha takwas tana tsayar da manyan likitoci da ƙafa ɗaya, daga ƙuryar ɗaki. To ke wace ce da ba za ta tsayar da ke ba?

Ranar da Malam Nura, mijina, ya fara zuwa gaishe ta, ya haddato wata doguwar magana, rabi Larabci rabi Hausa, har da baiti. Ya durƙusa ya fara zubawa. Tim! "Maimaita." Ya maimaita yana gumi. Sau uku. Sannan ta ce, "Na ji. Zan gaya wa ubanta ka yi. Amma ka je a duba maka hanci, na ji a muryarka akwai tsiro a hagu."

Ya je. Akwai.

Ga ta da riƙon kaya. Kibod ɗinta haruffan duk sun goge, wani maɓalli ya ɓalle ta liƙa masa botirin riga. Na taɓa kawo mata sabo daga Abbasiya, ina murna. Ta juya shi, ta shinshina, ta miƙo mini.

"Gwaggo, wancan ko harafi ɗaya ba a gani!"

"Waye ya ce miki da ido ake rubutu? Mayar musu. Wannan na 'yan koyo ne."

Likitocin nan ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, amma ta san su kamar 'ya'yan cikinta, kowa da sunan da ta raɗa masa. Wanda ta fi tsana shi ne Dakta Gyaɗa, wanda ba ya naɗar bayani sai yana tauna. Ina kicin sai in jiyo ta, "Haɗiye, bawan Allah! Haɗiye ka faɗa mini hanta ce ko hanji!"

Daga nan abin ya fara lalacewa. Kamfanin ya kawo wata manhaja mai sauraren likita ta rubuta da kanta. Aka daina turo wa Gwaggo murya zalla, sai rubutun na'ura, wai ta gyara. Ta kuwa gyara da zuciya ɗaya, tana tsaki. Har wasiƙa ta rubuta wa kamfanin, shafi biyu, tana lissafa laifuffukan "wannan sabuwar ma'aikaciya taku mara tarbiyya." Malam Nura ne ya yi ƙarfin halin gaya mata.

"Gwaggo, duk gyaran da kika yi, da shi take koyo fa."

Wannan karon ba ta ce ya maimaita ba.

Aikin ya yi ta raguwa har ya ɗauke gaba ɗaya. Ba wanda ya kira ta ya ce an sallame ta. Shiru kawai. Kusan wata biyu, duk safiya sai ta yi wanka, ta ɗaura kallabi, ta zauna gaban kwamfuta ta sa iyafis. Wata rana na zo daga gidana na zare ɗaya na kai kunnena. Ba komai a ciki. Ta fizge abinta ta ce, "Wa ya aike ki?"

Muka ce ta koma gida. Ta ce, "In koma in ce na zo da me? Na bar miji a ƙasar Masar, na dawo da ciwon baya?" Ga zancen iƙama, wato takardar izinin zama, ga haya, ga shekaru hamsin da ɗoriya. A ƙarshe wata baiwar Allah ta yi mata hanya a wani asibitin kuɗi wajen Madinat Nasr, a ofishin marasa lafiya baƙi. Suna neman akawu mai Hausa da Turanci, saboda mutanenmu da ke zuwa jinya daga gida. Buɗe fayil, cike takardu, buga takardar sallama, da ɗan tafinta.

Matar da ta shekara sha takwas ba ta wuce bakin layi ba sai da dalili, ga ta kullum cikin ƙananan bas-bas da metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ana tura ta ana cewa "Yalla ya Hajja!" Ranar farko ta tafi da fedarta a jaka, ta ajiye ta ƙarƙashin sabon tebur. Shugabarta, Madam Suhair, ta leƙa ta ce, "Wannan fa? Ai ba a haɗe take da komai ba."

"A haɗe take da ni," in ji Gwaggo.

A sati na biyu ta shiga lif da fayil-fayil a hannu. Wani ƙaton likita mai farin gashi, ɗalibai na biye da shi, yana magana a waya yana tauna. Gwaggo ta juyo a hankali. Ta saurara. Sai ta nuna shi da yatsa ta ce da Turanci, "Kai ne! Shekara goma sha ɗaya ina fama da kai. Haɗiye, sannan ka yi magana!"

Mutumin nan, babba ne a sashen ciwon daji, ya haɗiye. Da ya gane ko wace ce, dariya ya yi har da hawaye, ya ce da ma ya daɗe yana mamakin wanda ke gyara masa nahawu. Tun daga ranar in ya hango ta sai ya ɓoye ƙullin gyaɗarsa a aljihu.

Mun sha dariyar wannan. Amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Akwai wata mata da aka kawo daga Azare, ita da mijinta, sun bar 'ya'ya huɗu a gida, sun sayar da abin da suka sayar suka zo. Gwaggo ce ta buɗe mata fayil, ita ke raka ta hoto, har dambun nama matar ta ba ta. Bayan sati uku aka miƙo wa Gwaggo bayanin sallama ta buga. Ta san kalmomin nan sarai. A mayar da ita gida, ba sauran abin yi. Matar ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce, "Yaya, me suka rubuta? Na warke?"

Gwaggon da ba ta taɓa barin kalma ta wuce ta ba, ta ce, "Rubutun likitoci ne, 'yar'uwa. Sai likita."

Ranar ta biyo ta gidana, ta zauna bakin gado da takalminta. Na kawo abinci ba ta taɓa ba. Can ta ce, "Zainabu, na buga kalmar nan ya fi a ƙirga. Ina bugawa ina shan shayi. Ban taɓa sanin tana da 'ya'ya huɗu ba."

Ba ta sake zama daidai ba. Ga wani abu kuma da mu duka, da iliminmu da komai, ba mu lura da shi ba. Shekarun iyafis sun cinye mata kunne. A ɗaki ita kaɗai tana iya ƙara sauti. A ofis mai hayaniya, mutane na magana ta bayan gilashi, ba feda mai mayar da su baya. Tana cewa a maimaita, mu muna dariya muna cewa halin Gwaggo ne, ashe baiwar Allah ba ta ji ne. Ƙorafi ya yi yawa. Ta rubuta wa wani Alhaji ranar tiyata ba daidai ba, ya yi ta faɗa a gaban jama'a yana cewa a kawo masa mai jin magana. Madam Suhair ta kira ta ta ce, "Ma'alish ya Hajja," ta mayar da ita ɗakin ajiyar fayil a ƙarƙashin ƙasa, inda ba taga, ba mai yi mata magana.

Na ce, "Gwaggo, ki bar aikin nan ki dawo wurinmu."

"Gidan suruki? Ina da ƙafa? Ai can ƙasa ya fi mini. Takarda ba ta yi wa mutum tsawa."

Can ta yi shekara guda tana ramewa, tana cewa hawa da saukar bene ne. Da ƙyar Dakta Gyaɗa ya tilasta mata gwaji. Kun san yadda asibiti yake, duk fayil sai ya sauko ɗakin ajiya. Nata ya sauko hannunta kwana ɗaya kafin ranar da likita ya ce mu zo. Ta karanta abinta ita kaɗai, ta rufe, ta ƙarasa aikin ranar.

Washegari muka shiga tare. Likitan ya kasa kallon ta. Ya fara kewaye-kewaye, "Ya Hajja, in sha Allahu khair, sai dai akwai wasu abubuwa da muka gani..."

Gwaggo ta zaro takardar daga jaka ta shimfiɗa masa a tebur. Duk ta sha jan biro.

"Dakta, hutar da kanka, na karanta. Ga kalmar da ke nufin ciwon daji ya bazu, na'urarku ta cinye mata harafi biyu. Nan kuma ba waƙafi. In da wannan kalma zan tafi, a rubuta mini ita daidai."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Shi likitan cire tabarau ya yi ya rufe fuska da hannu.

Sai a lokacin ta ce tana son Gusau. Ta ce tana son ta ji ana kiran sunanta yadda uwarta ke kira. Muka fara shiri, amma jiki ya riga ya ƙi, suka ce ba za ta iya jirgi ba. Sati bakwai ta yi a hawa na uku na asibitin da take wa aiki. Ranar Talata da hantsi ta cika, hannunta cikin nawa. A nan aka binne ta, nesa da kabarin mijinta, nesa da kowa nata.

Ya Allah, ga baiwarka Rakiya, baƙuwa ta rayu, baƙuwa ta koma gare ka. Ta yi wa dubban bayinka hidima ba su san sunanta ba, Kai ka sani. Ka yafe mana dariyar da muka yi alhali tana cikin wahala. Ka yalwata mata kabarinta, ka ba ta littafinta a hannun dama, ka sa in ta buɗe ta tarar rahamarka ta riga ta goge duk wani kuskure da ke ciki. Amin.