Zanen Gawayin Da Na Goge A Jikin Azara

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne a Rano, aji uku kawai na yi a elemantare na gudo, don ni da allo ba mu taɓa shiri ba. Sana'ata ta gaskiya tsokana. Na san kowane lungu na kasuwa, na iya kwaikwayon tafiyar ɗan doka da tarin Sarkin Kasuwa, in na zauna a rumfa sai mutane sun riƙe ciki. Wanda na fi addaba shi ne taubashina, ɗan goggona daga Kibiya, tela ne mai keken ƙafa. Yana ganina zai ce ga bawansa ya iso, ni kuma in ce wandon da ya ɗinka ko jaki ba zai yarda ya sa ba.

A daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, wata Talata bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas da wata irin guguwa da ko tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ba ta daɗe ba. Da muka fito daga inda muka ɓuya, wallahi sai na kasa gane kasuwar da na girma a ciki. Tsohuwar tsamiyar mahauta na kwance, saiwarta a sama. Kwanon rumfar awon gyaɗa ya naɗe a kan kuka kamar tabarma, wani kwanon ma a gonakin Zurgu aka tsinto shi. Layin shagunan ƙasa kuwa duk rufinsu ya zube ciki, har da na taubashina, Allah ya sa ya ja kekensa ya fice. 

Bayan kwana uku aka kira gayya don a ta da shagunan kafin ruwa ya zauna. Akwai wani dattijon magini da duk garin ke ji da shi, muna ce masa Baba. Shi ya tsaya tantance azarorin da aka zaro daga cikin ɓaraguzai. Sai ya ƙwanƙwasa kowace da ƙotar gatari ya kasa kunne, mai lafiya a ajiye dama, wadda ta tsage ta ciki ya ja mata zanen gawayi a jefa hagu. Ya faɗa mana a fili cewa mai zane ko akurkin kaji kada a rufa da ita. Ni kuwa ina ganin taubashina yana jidar azara zuwa shagonsa can ƙarshen layi yana haki, sai shaiɗan ya ba ni dabara. Na tofa yawu a gefen rigata, na goge zanen wata ƙatuwa, na mirgina ta cikin na dama. Nufina ya sha wahalar kai ta, sannan in yi shela a gaban jama'a cewa tela bai san azara ba, ya sake kinkimo ta ya dawo ana yi masa dariya.

Ya ɗauka kuwa. Sai ga mata sun iso da ƙoren fura, makaɗi ya saki ganga, na bi ayari na manta. Da na waiwayo an ɗora azarar a tsakiyar rufin shagonsa, an shimfiɗa zana, ana lafta ƙasa.  Taubashina daga sama yana ce mini bawan banza ya ci fura ya bar ubangidansa da aiki. In na yi magana, sai an kwance aikin mutum ashirin, kuma a gaban Baba. Na ce a raina guda ɗaya cikin azara masu yawa me za ta yi. Sati biyar ina wucewa ta ƙofar shagon ina satar kallon rufin, ban ce uffan ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan an kwana biyu ana ruwa, ƙasar rufin ta sha ta yi nauyi. Ina wajen masu goro na ji ƙara kamar an harba bindiga. Rufin shagon taubashina ne ya rufta, da hannu muka tono shi. Yana kan keke yana ɗinki abin ya sauko masa a ƙafar dama. Mai ɗori daga Kahu ya yi iya yinsa, ƙafar ta warke a karkace, ba ta ƙara taka keke ba. Da aka ciro azarar da ta karye, aka juya ta ko'ina babu zane. Baba ya daɗe yana shafa ta, sannan ya ce wa jama'a kunnensa ne ya tsufa, su yafe masa. Ina tsaye kusa da shi har ina jin numfashinsa. Daga ranar bai sake hawa gini ba, ya koma Nariya wajen 'yarsa, can ya rasu bayan shekara biyu.

Taubashina yanzu hula yake ɗinkawa da allura a ƙofar gida can Kibiya. Har yau in na je sai ya ce bawansa ya zo, yana tambaya wai wane malami ne ya ɗaure mini baki na daina ramawa. Gobe in Allah ya kai mu zan hau mota zuwa Kibiya in faɗa masa, kafin wani ya karanta masa wannan. Shi ina da inda zan same shi. Baba ne ba ni da inda zan kai masa.

Samari masu irin halina, ku yi wasanku, amma kada ku taɓa alamar da mai sana'a ya sa a kan aikinsa. In kuma hannu ya riga ya yi, ku buɗe baki tun ana iya kwancewa. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, wani dattijo ya ɗauke ta a madadina har kabari.