Shawara Biyu da Na Kai wa Majo

Jama'a, shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina riƙe da wannan magana a ciki. Makon jiya aka binne Marta a Mokolo, sai na ga in ban faɗa yanzu ba, babu sauran mai faɗa.

Ƙarshe-ƙarshen mulkin Ahijo ne. Ina aiki a wani asibiti a Garwa, a ƙasar Kamaru, kuma kada a ƙara mini girma, ni ba nas ba ce, mai wankin allura ce.

'Yan yanzu ba za su gane ba. Sirinjin kwalba ne, allura ɗaya ta zaga jikin mutane da yawa. A gama a jefo mana cikin daro, mu tsamo da hannu, mu wanke, mu dafa. Safar hannu sai dai mu gan ta a ɗakin tiyata. In allura ta soke ka, ka tsotse yatsa ka ci gaba.

Mu biyu ne a bakin daron, ni Bahaushiya da Marta, Kirista daga duwatsun Mokolo, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Fulatancinta bai nuna ba, Faransancina ko tsiro bai yi ba, sai muka haɗu a Hausa. Da rana kwano ɗaya muke ci.

Shugabanmu babban nas ne daga kudu, muna ce masa Majo. Hausarsa ta cefane ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

Abin ya fara da kasala. Sai ƙin abinci, warin man gyaɗa ya riƙa tayar mini da zuciya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Wata safiya Inna ta gwale idona ta ce, "Habiba, shawara ce." Idon ya yi ruwan ɗorawa.

Na tafi ofishin Majo na ce, "Majo, ina da shawara."

Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Kai wanke allura. Shawara aikin dokta ne. Ale, tafi."

Shi shawara ɗaya ya sani, wadda ake ba mutum. Bai san akwai mai kayar da mutum ba. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ƙi yin bayani, na koma bakin daro. Kwana huɗu na ƙara, a na biyar na faɗi. Marta ce ta goya ni har gado.

Likita Bature ya ɗebi jinina ya aika Yawunde. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa, aka ce babu magani sai hutu. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, domin a watan nan Malam Bakari, Bafulatanin da ke ɗibar jini a ɗakin gwaji, ya rasu da irin idona.

Da sakamako ya iso, likita ya ce ciwon hanta ne, nau'in B, ta jini yake shiga. Ya juya tafin hannuna ya daɗe yana kallon yatsun.

A waje kuwa an riga an yanke hukunci. Wai tuwon Marta ne, wai na ci da arniya na ɗauko. Har Inna ta ce, "Dama na faɗa miki."

Sai ga Majo da takarda. Aka fassara mini: in yarda ba a wurin aiki na kamu ba, a kwanon Marta ne. In na dangwala, aikina na nan yana jirana, ita a sallame ta.

Ya ce, "Sa hannu, ka warke, ka dawo."

Inna ta raɗa mini, "Dangwala mana 'yar nan, ke ma ki tsira."

Na miƙa hannun, amma ba wa tawada ba. Na baza masa yatsu a gaban ido na ce, "Majo, duba da kyau. Tuwo ba ya huda yatsa. Ka kori Marta, in ɗauki hannun nan in kai wa pirefe, ko da rarrafe."

Wallahi ko ƙofar ofishin pirefe, babban jami'in mulkin yankinmu, ban sani ba, kuma a lokacin ban iya zuwa bayan gida sai an riƙe ni. Amma ya naɗe takardarsa ya fita, ba a sake ganinta ba.

Wata uku na yi a kwance. Kullum Marta na kawo mini kunu. Da farko Inna na kau da kai, daga baya ita ke wanke mata kwanon. Idona ya washe a hankali, gwajin ƙarshe ya nuna ciwon ya bar jinina.

Ranar da na koma aiki, ofishin Majo na fara zuwa. Na ce, "Majo, ina da shawara."

Ya ja kujera baya har ta daki bango. Ashe ya ƙaro Hausa.

Na ce, "Ba waccan ba, ɗayar. A saya mana awartaki, kuma a dafa allura kafin hannu ya taɓa ta."

Kafin Juma'a awartaki biyu suka iso.

Na gode wa Allah da Ya tashi kafaɗata. Na gode wa Inna, da likitan da ya kalli yatsuna. Majo ma na yafe masa, amma ban manta ba.

Ku ma'aikatan asibiti, daga likita har mai shara, ku gwada jininku, ku yi rigakafi tunda yanzu akwai shi. In allura ta soke ku, ku faɗa nan take, kuma ku tabbata wanda kuka faɗa wa ya gane, kada ku yi irin zuciyata. Ciwon nan ba ya tambayar yarenka ko inda kake ibada. Kada ku ware wa kowa kwano saboda shi.

Ni da Marta mun ƙara shekara ashirin muna ci a kwano ɗaya, abin da ya same mu ƙiba ce kawai. Kwanon yana wurina. Yau na zuba tuwo a ciki, na kasa cinye rabi.