Ɗan Kunne a Cikin Kwanon Tuwo

A shekarun da zan ba ku labarinsu ni bazawara ce mai sayar da tuwo a bakin tashar jirgin ƙasa ta Funtua, ina zaune da tsohuwata da 'ya'yana biyu. Kowa a layinmu ya san ni da kyauta, ya kuma san ni da baki. In na ba ka abinci sai na tsaya a kanka na ga ka cinye, in ka rage kuwa ka sha faɗa. Da wannan halin matan unguwa suka ɗora ni a kan 'yar ƙungiyarmu, wadda asalinta ta aron tukwane ce da taya juna aiki ranar suna ko biki. Akwai matan manoma a cikinmu, da matan leburorin gidan gurzar auduga, da 'yan kudu haifaffun gari, cikinsu har da maƙwabciyata, wata Bayarbiya mai ɗinki.

Sai farin nan na farkon shekarun tamanin ya zo. Mu nan mun ɗan samu masara da dawa, amma can ƙetaren iyaka ƙasa ta ƙone. Wasu matan Fulani suka gangaro da 'ya'yansu suka sauka ƙarƙashin itatuwan bayan tasha. Shanunsu sun mutu a hanya, mazansu sun wuce kudu neman abin yi. Mazan garinmu suka tara buhunan masara a masallaci suka kai musu, Allah ya saka musu, amma matan ba turmi ba tukunya, kuma ba sa iya fitowa gaban baƙin maza. Muka ce wannan aikin namu ne. Muka bi gida-gida, matan kulle suna miƙo gari da kuka da daddawa, 'yan'uwa na Bakori da Malumfashi ma suka aiko. A tsakar gidana ake tuƙi. Na kuma kafe a kan cewa ba za a jera su a layi ba, kowace a kai mata nata a kwano mai murfi, yadda ake kai wa maƙwabciya. Har da ɗaga kai nake yi da wannan dabara tawa.

Wadda ta faɗo a rabona wata doguwar Bafulatana ce mai jego, da jaririya mace a hannu. Abin da ya fara tsorata ni shi ne yarinyar ba ta kuka, baki kawai take buɗewa, don nonon uwar ya kusa ƙafewa. Na haɗa mata tuwo da kunun kanwa na masu jego, ta ci ta sha. Da aka kwaso kwanuka ina wanke-wanke, sai ga ɗan kunne na azurfa a cikin nata. Na ce Allah sarki, yunwa ta sa har kayanta na zubewa ba ta sani ba. Na ɗauka na nufi wurinsu, a gaban 'yan'uwanta na damƙa mata a hannu, ina faɗa da ƙarfi wai ta riƙa kula, ba kowa ne zai tsinta ya maido ba. Ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na juyo ina jin na yi abin kirki.

Daga ranar kwanonta yadda ya tafi haka yake dawowa, ko murfin ba a ɗaga ba. Kafin a jima sauran ma suka bi sahu, sai dai su ɗan gutsura wa yara. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce girman kai ne, Fulani ba sa cin tuwon Haɓe. Matan da ke aiko da gari suka fara janye hannu, wai ba za su hana 'ya'yansu su bai wa kaji ba. Wani Alhaji ya aiko a gaya mini in mata sun gaji da wasan yara, su bar wa maza aikin. Duk wannan bai ci raina kamar yarinyar nan ba. Maɗigarta ta faɗa, wuyanta ya saki. Na je na zazzage wa uwar faɗa, na tambaye ta ko so take ta kashe 'yarta da hannunta. Da guntuwar Hausarta ta ce mini ta ƙoshi, ta gode. Na dawo gida ina kuka don haushi da tsoro.

Abin da ya warware mini ɗan ƙarami ne. Maƙwabciyata ta aiko mana da alale, na wanke kwanon na ɗauka zan miƙa mata ta katanga. Sai tsohuwata ta daka mini tsawa daga bakin ƙofa, wai haka zan mai da wa mutane kwano wayam, a gidan wa na ga ana yi? In ba komai ko gyaɗa in zuba. Na tsaya da kwanon a hannu. Ai mu muka kai musu abinci a rufe kamar maƙwabta, maƙwabciya kuwa ba ta mai da kwano ba komai. Baiwar Allah ta duba ba ta da gyaɗa ba ta da nono, ta ciro abin kunnenta ta sa. Ni kuma na mayar mata a bainar jama'a, wato na ce mata ke ba maƙwabciya ba ce, mabaraciya ce.

Na yi tunanin in je in karɓo ɗan kunnen, sai na ga kunnuwa biyu gare ta, in sun ƙare fa? Na zauna na tsefe kaina tas, na ɗauki mataji na tafi ba kwano. Na zube a gabanta na tuɓe ɗankwali, na ce ƙawata dubi kaina abin kunya, ga biki a Bakori, an kuma ce ba wanda ya kai ku kitso, ki rufa mini asiri. Can sai ta miƙa wa wata tsohuwa jaririyar, ta jawo ni tsakanin gwiwoyinta. Duk da yunwar da take ciki, ta ja gashin nan har sai da na ga taurari, kuma har gobe ina zargin da ramuwa a ciki. Ana tsakiya maƙwabciyata ta iso da ƙwaryar kunu, kamar yadda muka shirya. Na kurɓa na miƙa baya ba tare da na waiwaya ba, na ce a garinmu ba a barin mai kitso da baki busasshe. Ina jin ƙarar haɗiyarta a bayan kunnena, hawaye suka zubo mini, na bar su a kan zafin kitso ne.

Washegari ƙungiya kaf ta hallara da kawuna a tsefe, har wata gwaggo da gashin nata bai kai a kama ba. Matan kulle suka riƙa aikowa a kai musu masu kitso har gida. Waɗanda ba su iya ba suka kama saƙar faifai da gyaran ƙorai. Kwano ya tafi da tuwo ya dawo da faifai, gari ya ci gaba da shigowa, Alhaji kuma ba mu sake jin aikensa ba. Rannan ana yi wa maƙwabciyata kitso sai jaririyar nan ta tsandara kuka mai ƙarfi, irin na yaron da ya san akwai nono yana nema. Muka kaure da guɗa har fasinjojin jirgi suka leƙo suna tambayar auren wa ake yi.

Yanzu ina jin rediyo na ba da labarin matan Afghanistan da yaƙi ya koro daga gidajensu, ana ta kai musu kayan agaji. Roƙona ga masu wannan aiki, a bar mata su shiga wurin mata, don akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko za ta mutu. Ku kuma 'yan'uwana mata, kada ku yi gaggawar cewa mai gudun hijira ta cika girman kai. Ta rasa gida ta rasa dukiya, mutuncinta kaɗai ya rage mata, kuma za ta iya zaɓar yunwa a kansa. In ta ba ku abu ku karɓa da hannu biyu, in ba ta da shi ku nemi wani abu a wurinta. Saura ƙiris garajena ya sa a binne jaririya a bayan tasha. Allah ya rufa asiri, da damina ta biyu ta kankama suka kama hanyar gida, yarinyar nan da ƙafafunta ta tafi, tana riƙe da zanin uwarta.