Kurtun da Na Ƙi Sa Wa Hannu a Maiduguri

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokan aiki biyu, duk mun tsufa a horar da soja. An tura mu Maiduguri mu gwada sababbin kurata kafin a kai su daji. A Potiskum muka karya da shayi da ƙwai. Muna wuce Damaturu hira ta mutu a motar: shinge bayan shinge, ƙauyuka a ƙone, direba sai duba agogo yake kada a rufe hanya. Da la'asar muka shiga.

Garin ya ba ni mamaki. Kasuwa na ci, keke Napep ya cika titi tunda an hana babur. A unguwar Shehuri wata dattijuwa ta zuba mana burabusko da miyar bandar kifi, tana ta yi mana "wushe, wushe", wato sannu da Barbarci. Abokina da ya ce ba ya jin yunwa, kwano biyu ya share.

Washegari aka kai mu wani fili bayan ƙauyen Dusuman. Kwana uku muna duba harbi, rarrafe, kwance bindiga da haɗa ta, da abin da za su yi idan an yi musu kwanton ɓauna. Yawancinsu sun yi ƙoƙari. Akwai wani dogo ɗan kudancin Borno, harsashinsa ba ya kuskure. Amma a atisayen ƙarshe, da aka ce na kusa da shi ya ji rauni, sai ya tsallake shi ya ci gaba da harbi, ko waiwaye babu. Na sa aka maimaita, ya sake yin haka.

Na ja shi gefe. Ya gaya mini an kashe mahaifinsa, malamin makaranta, mahaifiyarsa kuma tana gudun hijira a unguwar Ajilari.

"Oga, ka sa mini hannu. Don wannan na shiga soja."

Na ce, "Na sani. Amma wanda ka tsallake, shi ma yana da uwa."

Na rubuta a ƙara masa horo. Ya sara mini, idonsa jawur, ya juya.

Ranar Juma'a muka dawo Kano lafiya. Shekara da shekaru ina auna soja da iya harbinsa. Tafiyar nan ta koya mini in fara duba wanda zai tsaya ya ɗauki ɗan'uwansa. Na san kurtun nan yana jin haushina har yanzu. Gara ya ji haushin, yana da rai, na kusa da shi ma yana da rai.