Ranar da Ba a Fasa Kofi Ba

Kafin motocin Kolkata su fara hayaniya, Sukhdeo Prajapati ya riga ya zauna gaban faifansa mai juyawa na ginin tukwane, yumɓun kogi a hannu, yana fitar da 'yan kofunan shayi. Da hantsi ya ɗora kwando a ka, ya bi masu shayin unguwa. Haka muka buɗe ido muka gan shi, kuma don rashin kara irin namu, sannu ma ba mu cika ce masa ba.

Da kofin takarda ya shigo gari, masu shayi suka yi caa a kansa. Ashe cikinsa shafe yake da leda. Ruwan zafi na taɓa ta sai ta saki ɓurɓushin da ido ba ya gani, mutum ya kurɓe da shayinsa. Har yau likitoci na bin diddigin abin da yake yi a hanji da jini. Abokan sana'ar Sukhdeo suka watse, shi ya ƙi tashi.

Minoti, mai shayin bakin tasha, shaida ce. Wata damina ruwa ya cinye rumfarsa, sai ya shanya ɗanyun kofuna a kan gadonsa, ya koma tabarma, don kada Minoti ta rasa kofunan shayi.

Ta ce, "Kaka, ka huta mana. Gwiwarka ta fi ƙyauren shagona ƙara."

Ya ce, "In na huta, 'yar nan, leda za ki riƙa sa wa mutane a matsayin sukari?"

Kaka Sukhdeo, kai ne ka tsare mana ciki ba tare da ka taɓa yi mana wa'azi ba. Yanzu gwiwar ta yi nasara, 'ya'yanka duk tuƙin mota suke yi, makon jiya ka gasa kofunan kwandon ƙarshe. Tun yanzu muna kewar ƙamshin yumɓun nan a leɓe. Mun gode, Kaka. Matasa, faifan na nan, mai shi kuma a shirye yake ya koyar.

A wajenmu wanda ya shanye shayi buga kofin yake yi da ƙasa, yumɓu ya koma inda ya fito. Ranar da Minoti ta zuba shayi a kofunan kwandon ƙarshe, da yamma ta ɗauko tsintsiya, ba ta sami abin sharewa ba. Kowa ya goge nasa da gefen riga ya tafi da shi gida.