Tsoho Mai Ƙamus

Mai fotokofi tana kallonsa tun daga bakin ƙofa. Tsoho ne dogo, rigarsa ta sha guga amma ya saɓa maɓallanta. Yana rungume da ƙamus na Turanci da aka ɗaure da roba. Da yatsa yake lalubo shafin da ya naɗe wa kusurwa.

"'Yata, ƙara wa wannan girma."

Littafin ya yi kauri, murfin injin ba ya rufuwa. Hasken yana wucewa tana runtse ido, shi ko ƙiftawa ba ya yi. Ya kai takardar da injin ya fitar dab da hanci.

"Ƙara dai."

Tana aiki yana bayani. Kalma ɗaya yake nema. Da can, in ji shi, kunna fitila Turawa ke nufi da ita, sai ta koma buɗe wa makaho ido, daga baya ta zama ilimantar da mutum. Tsohon malami ne, ta ce a ranta, ga yatsa a sama kamar da alli a hannu. Wataƙila a gida an gaji da karanta masa.

Ba ta jin tausayi, ba ta jin komai. Tun da aka binne babanta haka take.

A karo na huɗu haruffa uku ne suka cika takardar. Ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo.

"Yawwa, yanzu ta fito."

"Ta fito, Baba," ta ce, ta sa masa robarsa a tafin hannu.